Lasifika Biyar da Randar Mirriya

Damagaram, unguwar Garin Malam
3 ga Oktoba

Yaya Suma'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Tabarkat? Yara suna gaishe ka. Bana Allah ya ba mu damana, an fara yankan gero, ɗinkina ma yana tafiya daidai gwargwado.

Na kira ka a salula ya fi sau goma, kullum babu rezo a wajenku, waya ba ta shiga. Shi ya sa na ba Inusa direba wannan takarda, tunda motarsa tana kai kaya wurin masu haƙar zinariya.

Maganar Baba ce. Ka san idonsa na dama ya tafi tun bara. To na hagun ma ya bi shi bayan Sallar Layya. Sau uku ina kai shi likita. Lokotoro mai duba ido ya ce jijiyar ce ta mutu, ba yanar da ake cirewa ba ce, sai haƙuri.

Yaya, ba makantar ce ta tada mini hankali ba, zaman da yake yi ne. Mutumin da ya yi wa Damagaram kokowa shekara tara, Nomau na Gidimuni da in ya yi gyaran murya a zaure ake ji a bakin titi, yau sai ka shiga gidan ka fita ba ka san yana ciki ba. Ya daina fita dakali. Tuwo loma uku yake yi ya ture kwano. Baba Dodo, makaɗinsa na da, yana zuwa duk Juma'a, shi kuwa sai ya ce in ce masa yana barci. Wandon da na ɗinka masa da Sallah yanzu sai ya ninka mazagi sau biyu.

Makon jiya tele ta maimaita tsofaffin wasannin kokowa. Na yi murna, na kawo shi falo, na kunna masa. Ya saurara kaɗan, sai ya ce, "Kashe. Kamar ana kokowa a cikin gwangwani." Na ce ko in ƙara murya. Ya ce, "Bar shi, Ramlatu. Kokowa ta masu ido ce." Ya laluba bango ya koma ɗaki.

Na san abin da ke tsakaninku. Shekara bakwai ke nan tun ranar da ka ajiye walki ka ce gyaran rediyo za ka koya, shi kuma ya faɗi abin da ya faɗi a gaban mutane. Ban ce ka zo ba. Ina dai sanar da kai ne, don kada gobe ka ce na ɓoye maka.

Ƙanwarka,
Ramlatu

Tabarkat
24 ga Oktoba

Ramlatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai ƙishin ruwan gida. Ki gaishe mini da yara. Takardarki ta zo jiya, na rufe shago na karanta ta sau uku.

Kalmar gwangwanin nan ce ta tsaya mini a rai, domin Baba gaskiya ya faɗa. Lasifikar da ke cikin tele ba ta wuce marfin kwalba ba. Shi kuwa wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar fili ya san amo ba ta gefe ɗaya yake zuwa ba. Ganga na gabanka, guɗa na bayanka, ihu hagu da dama, ƙasa kuma tana motsi a ƙarƙashin ƙafarka. Ban iya mayar wa Baba da ido ba, amma ina jin zan iya mayar da shi fili ta kunne.

Za ki ga kwali biyu wajen Inusa. A na farko akwai ampili, akwatin ƙarfen nan da ke raba sauti. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo mini shi a mace ya ce in jefar, na yi kwana huɗu a kansa ya tashi. Akwai ƙananan lasifika biyar, ba uwarsu ɗaya ba: biyu daga tsohuwar rediyo mai kaset, biyu daga wata mota da ta mutu a hamada, ɗaya daga tele. Kada ki raina su. A kwali na biyu akwai babbar, mai fitar da kauri, na yi mata akwatin katako da hannuna.

Ga yadda za ki yi. Ki sa kujerar Baba a tsakiyar ɗaki. Lasifika biyu a gabansa, daidai kunnensa in yana zaune. Ɗaya a kan tele. Biyu a bayansa, su ɗan fi kansa tsawo, su dube shi. Babbar a ƙasa, a lungu. Na riga na ɗaura igiyoyin wuta a bayan ampili, kowane fil na manna masa takarda: G1, D1, G2, D2, da C na tsakiya. Kowane fil yana da ja da baƙi, ja ya shiga ja, baƙi ya shiga baƙi. Farin fil shi ke zuwa tele. In kin kunna, ki danna maɓalli na uku har fitilu biyar su kama.

Na sa kile a aljihun kwalin, ɗan abin nan da ake zuba waƙoƙi. Akwai kiɗan kokowa a ciki, amma abu na farko gwaji ne, zai nuna miki ko kowace tana wurinta. Ki yi gwajin lokacin da Baba ba ya kusa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada Baba ya san daga ina kayan suka fito. Ki ce aro kika yi.

Ƙarshen Disamba za a fara kokowar ƙasa, wadda ake ba zakara takobi. Kina da wata biyu.

Yayanki,
Suma'ila

Damagaram
15 ga Nuwamba

Yaya Suma'ila,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, Baba yana nan yadda ka sani. Kaya sun iso, amma abin bai tafi yadda ka tsara ba.

Na farko, akwatin babbar lasifikar ya iso a farfashe. Inusa ya ce gangar mai ce ta danne shi a hanya. Ita lasifikar babu abin da ya same ta, na naɗe ta a zane na ajiye.

Ranar Alhamis da hantsi, Baba yana kwance a ɗakinsa, na shiga buga ƙusa a bangon falo. Ya ɗaga murya ya ce me ake bugawa. Na ce kayan sauti ne na aro. Ƙaryar farko da na taɓa yi masa tun ina budurwa.

Sai maganar alamominka. Yaya, wasiƙa da Hausa ka rubuto mini, don haka da Hausa na karanta su. Na ga G, na ce gaba ke nan. Na ga D, na yi ta juyi, na ce to wannan daga baya ne. Na jera G biyu a gaba, D biyu a baya, ina ta yaba wa kaina. Na sa kile, na danna maɓalli, fitilu biyar suka kama. Sai ga muryarka, tamkar kana tsaye a ɗakin: "Hagu na gaba." Ta fito daidai. Sai ka ce, "Dama na gaba," muryar ta fito ta ƙeyata. Ka ce, "Hagu na baya," ta fito gabana ta hannun dama.

Daga ɗakinsa Baba ya ce, "Wane irin mutum ne wannan, damarsa a ƙeya?"

Na fashe da dariya, sannan na tuna muryar wa ya ji. Kafin in kai hannu in kashe, ga shi a bakin ƙofa yana dafe da bango.

Ya ce, "Sake kunnawa."

Na sake. Ya tsaya ya ji ka zagaye ɗakin har ƙarshe, bai motsa ba.

Ya ce, "Aro kika ce?"

Na kai hannu na kashe ampilin.

Ya ce, "Wanda ya bar gidan nan da ƙafarsa ba zai dawo mini ta igiyar wuta ba. A fitar da su."

Ranar ko loma ukun bai yi ba. Na kwance komai na kai ɗakin ɗinkina.

Yanzu ka saurare ni, ko da yake kai ne babba. Me ya sa ka ce kada ya sani? Ka sa ni na yi wa ubana ƙarya, aka kama ni kamar ɓarauniyar kaza. In kana son yi masa alheri, ka yi da sunanka. Ko kunya kake ji a ce kai ka fara saukowa? Shekara bakwai ina tsakaninku, wannan ya ce kada a faɗa wa wancan, wancan ya ce kada a ambaci wannan. Na gaji, Yaya. Girman kanku iri ɗaya ne, ni kuma nake ɗaukar nauyinsa.

Ramlatu

Damagaram
6 ga Disamba

Yaya Suma'ila,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma wannan karon ba faɗar baki ba ce. Inusa ya dawo hannu wofi. Ya ce ya tarar da shagonka a rufe, sai ya ba maƙwabcinka takardar. Ko fushi ka yi? Na san na yi zafi. Ban janye maganar ba, amma na janye muryar da na faɗe ta da ita.

Bari in ba ka labari. Ina cikin ɗinki rannan sai abin ya faɗo mini: G da D ɗinka hagu da dama ne na Faransanci. Ni da na yi lakwal shekara shida ana koya mini Faransancin! Na ajiye almakashi na yi dariya ni kaɗai. Na tashi na kafa su duka a ɗakin ɗinki, kowace a wurinta. Na rufe ƙofa da taga, na rage murya sosai, na gwada. Ka zagaye ni daidai.

Saura babbar. Na haɗa ta haka nan ba akwati, sai ta riƙa yin kamar ana kaɗa faifai, babu kauri ko kaɗan. Na je wajen kafinta, ya ce gadajen amare sun yi masa yawa, sai bayan sabuwar shekara.

Ranar Lahadi na kai wa wata mata ɗinki Mirriya, na bi ta wajen masu tukwane. Wata tsohuwa, Iya Lubabatu, tana ƙwanƙwasa randa don ta nuna wa mai saye ba ta da tsaga. Yaya, da ka ji amon! Dum, har cikin ƙirjina. Na tsaya cik. Na zaro magwajin ɗinkina daga jaka, domin na riga na auna faɗin lasifikar, na bi randunan ɗaya bayan ɗaya ina auna baki. Ta goma sha huɗu ce ta yi daidai. Iya Lubabatu ta ce, "'Yar nan, ruwa za ki zuba ko riga za ki ɗinka mata?" Na ce kiɗa zan zuba. Ta ce ita dai ta ga zamani. Ta huda mini ɗan rami a gefe don fil ya wuce, na rungumo randar a mota har gida kamar jaririya.

Na kifa lasifikar a bakin randa, na naɗe gefen da robar tsohuwar taya, na toshe ramin fil da tsumma. Da na kunna kiɗan da ke cikin kile, allurai suka yi ta tsalle a cikin gwangwaninsu. Ban sani ba ko haka masu sana'arku ke yi, amma ni dai ta yi mini.

Ka tuna bangon ɗakin ɗinki shi ne bangon ɗakin Baba. Yanzu kullum ina ɗinki ina sa kiɗan nan a hankali. Bai ce a kashe ba. Jiya ya cinye tuwonsa, ya tambaye ni nawa ga wata.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Ramlatu

Tabarkat
9 ga Disamba

Ramlatu,

Gaisuwa mai yawa. Kada ki tsorata, na sami sauƙi. An kai ni wani wurin haƙa mai nisa in kafa musu faifan hasken rana, zazzaɓi ya kwantar da ni can kwana goma sha biyu. Shekaranjiya na dawo na tarar da takardarki ta goma sha biyar ga Nuwamba. In kin sake rubutowa, ba ta iso ba.

Kin yi gaskiya a kan ƙaryar, ki yafe mini. G da D ma laifina ne, hannu ya saba. Muryata da na sa a gwajin kuwa wauta ce, na manta wanda ya rasa ido kunnensa ninkuwa yake yi.

Amma kin karanta ni ba daidai ba. Ba kunya ba ce, ba girman kai ba ne. Tsoro ne. Na ji tsoron ya ƙi magani saboda hannun da ya miƙo shi, kuma ga shi abin da na ji tsoro ya faru.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin tuna Hamisu, abokina, wanda na karya wa hannu muna gwaji a Mirriya? Kowa ya ce tsautsayi ne, Baba ya dafa ni ya ce haka kokowa take. Amma ni na ji ƙarar ƙashin nan a jikin kunnena, domin kaina yana kan kafaɗarsa. Daga ranar, duk wanda na kama sai hannuna ya saki da kansa. Na yi wata shida a haka ina shiga fili ina kirari. Ban iya gaya wa Nomau na Gidimuni cewa ɗansa yana jin tsoron ƙarfin kansa ba. Sai na ce masa rediyo nake so. Ya ce shi bai haifi mai gyaran rediyo ba. Na ɗauki jakata.

Tunda ya ce a fitar, a fitar. Kada ki saɓa masa saboda ni, bai da kowa sai ke. Ki ba maƙwabta kayan, ko ki rufe su a kwali. Babbar kuma kada ki kunna ta ba akwati, za ta yage.

Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kike yi, wanda ni ya kamata in yi.

Yayanki,
Suma'ila

Damagaram
2 ga Janairu

Yaya Suma'ila!

Alhamdu lillahi da ka tashi. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ka riƙa shan ruwa mai kyau. Mu nan lafiya lau, lafiyar da ban taɓa rubuto maka irinta ba. Ka nemi wuri ka zauna.

Takardarka ta zo ana gobe za a fara kokowa. Na karanta, na yi kukana, sannan na ƙi bin umurninka. Baba cewa ya yi a fitar da su daga falo, kuma na fitar. Bai ce komai a kan ɗakin ɗinkina ba.

Na kawo tele ɗakin, na ture keken ɗinki gefe. Na ɗauko kujerar Baba na ajiye a tsakiya, na ce kada wanda ya zauna a kanta. Na aika wa Baba Dodo na ce ya zo kallo wajena, ba wajen abokinsa ba. Na bar ƙofa a buɗe.

Ranar farko, da la'asar, ni da Baba Dodo da maƙwabta mata biyu muka yi kallo. Kujera babu kowa. Rana ta biyu na ji tari a tsakar gida, da na leƙa sai na ga bayansa yana komawa ɗaki.

Rana ta uku ce 'yan Damagaram za su shiga. Da azahar kuran ya ɗauke. Yaya, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa wutar lantarki ba. Ana kiran la'asar ya dawo. Muka yi salla, na danna maɓalli, fitilu biyar suka kama, makaɗan fili suka saki ganguna. Randar Mirriya ta yi wani irin nishi, ƙasa ta amsa. Baba Dodo ya dafe ƙirji ya ce, "La ilaha illallahu."

Sai ga inuwa a bakin ƙofa. Na riga na gargaɗi kowa kada ya kula shi. Ya shigo yana laluben bango, ya saki bangon, ya yi taku uku, gwiwarsa ta taɓa kujera. Ya shafa ta, ya gane tasa ce. Ya zauna.

Daidai nan matan fili suka rangaɗa guɗa, ta fito ta lasifikan baya. Baba ya juya da sauri har hularsa ta karkace.

Ya ce, "Su wa ke bayana?"

Baba Dodo ya ce, "Mutanen fili ne, Nomau."

Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa don ya ji gangar sosai.

Wasa na huɗu, wani saurayi cikin 'yan Damagaram, ɗan Zarmu mai suna Khalid, ya fito da wani ƙato wanda ya kusa yin biyunsa. Mu masu ido muka ce an gama da shi. Aka daɗe ana zagaye. Baba ya karkata kai, yana bin kiɗan da numfashin jama'a. Can fili ya yi tsit, ganga ta sauya taki. Baba ya matso bakin kujera ya ce, "Ya kama ƙafa." Wallahi ya kama! Ya ce, "Kada ka ɗaga, yaro, ya fi ka nauyi. Tura! Tura!" Kafin mai ba da labari ya buɗe baki, Baba ya buga cinya ya ce, "Ya kai shi!" Sai ga ƙato a ƙasa, ihu ya rufe mu ta kowane gefe.

Yaya, Baba ya miƙe tsaye. Ya ɗaga hannun dama, ya buɗe muryar nan da muka sani muna yara:

"Sai ni Nomau na Delu, kututturen dabino, gatari ya gaji ina nan tsaye! Tafkin Gidimuni, mai shiga da gudu ya fito da rarrafe!"

Baba Dodo ya fizgo farantin shayi ya kife a cinya ya shiga kaɗa masa takensa, hawaye na bin gemunsa. Ni na saki guɗa, ban san na iya ba. Mutane suka yi ta shigowa daga titi, sun zaci wani abu ya faru. Ai kuwa ya faru.

Bayan an watse ya ce in zagaya da shi. Ya shafa kowace lasifika, yana tambaya, ina gaya masa: wannan ta rediyo ce, wannan ta motar da ta mutu a hamada. Ya shafa ampili ya daɗe, na ce a mace aka kawo maka shi ka tashe shi. Da ya iso lungu hannunsa ya sauka kan randa, ya ce, "Wannan fa, shi ma aikinsa ne?" Na ce, "A'a, wannan nawa ne." Ya ƙwanƙwasa ta ya yi dariya har da tari, ya ce ashe gidan nan an tara masu taurin kai.

Ka yafe mini abin da na yi bayan nan. Na ɗauko takardarka na karanta masa wurin maganar Hamisu. Ban nemi izininka ba, na gaji da ɓoye-ɓoye. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na san ya karya Hamisu. Ban san shi ma ya karye ba." Na ce, "Baba, ka taɓa tambayarsa?" Na zaci zai yi mini tsawa. Ya ce, "Ban taɓa ba."

Yanzu kullum la'asar ɗakin ɗinkina ba ya ɗaukar mutane, har ta taga ake leƙe. Baba ne a tsakiya, shi ke gaya wa masu ido abin da ke faruwa. Jiya malmala biyu ya ci ya nemi ƙarin miya. Ɗinkin mutane ya tsaya, kuma ko a jikina.

Ƙanwarka,
Ramlatu

Damagaram
5 ga Janairu

Yaya, motar Inusa ba ta tashi ba, don haka wannan za ta zo tare da waccan. Baba ne ya ce in ɗauko alƙalami. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in ƙara, kada in rage.

Suma'ila,

Ni ne ubanka. Ina gaishe ka. An ce ka yi zazzaɓi, Allah ya sa kaffara ne. Ni lafiyata ƙalau, ido ne kawai babu.

Kayanka sun iso. Na ji su. Na yi shekara tara a fili, na san amon fili, kuma wanda ya haɗa wannan abu ya san shi. Ba a banza ka tsaya a tsakiya ba.

Akwai maganar da na faɗa a gaban mutane. A gaban mutane zan janye ta. Na fara jiya, ɗaki cike, Dodo shaida ne. Na ce musu ɗana ne ya yi, mai gyaran rediyo, kuma duk Damagaram a nuna mini wanda ya kai shi.

Sai dai aikin da saura. Ta baya, ta hannun hagu, ta yi ƙasa da 'yar'uwarta da kamar taƙi ɗaya. Guɗa tana zuwa mini a karkace. Ramlatu ta ce za ta gyara, na hana ta. Ba aikin tela ba ne. Na ce kada wanda ya taɓa ta sai mai ita ya zo. Kada ka daɗe, wuyana yana ciwo da karkata.

In za ka zo ka aiko, a yanka rago.

Nomau

Yaya, ni ce kuma. Bai san na ƙara wannan ba. Bayan ya fita dakali wajen Baba Dodo na ɗauko magwajina na auna lasifikan baya, daga ƙasa zuwa ƙusa, sau biyu. Daidai suke, ko faɗin zare babu tsakaninsu.

Ka taho da guduma duk da haka.

Ramlatu